Kurakuran da sababbin masu zane ke yi da Montserrat

Na gaji da ganin allon talla da katin biki ana ɓata su da haruffa masu kyau. Montserrat salon haruffa ne marasa wutsiya, wato babu 'yan layukan ado a ƙarshen sandunansu. Wata mai zane 'yar Ajantina, Julieta Ulanovsky, ta tsara shi daga tsofaffin allunan shaguna na unguwar Montserrat a Buenos Aires, ya fito a 2011. Haruffansa faɗi ne da su, O ɗinsa kamar faifai, shi ya sa yake cika ido a kanun rubutu.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne na haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Na taɓa haɗa wa wani bawan Allah katin ɗaurin auren 'yarsa, a kwamfutata komai lafiya lau. Na kai wurin bugawa ban mayar da rubutun ya zama zane ba. Kwamfutarsu ba ta da salon, sai ta canja da wani wanda bai san ɗ ba. Kati 300 suka fito, inda ya kamata a ga "ɗaurin aure" sai ga ɗan akwati a madadin harafin farko. Saura kwana biyu biki. Da kuɗin aljihuna na sake bugawa, kunyar da na ji a gaban dattijon nan kuwa ta fi asarar ciwo. Tun ranar, kafin in fara aiki da kowane salo sai na rubuta "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" na ƙura masa ido. In harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa siranta ko ya karkace, aro kwamfuta ta yi daga wani salon, sai in koma Noto Sans ko Andika. Kafin in fita da aiki kuma, a manhajar zane ta CorelDraw sai na danna Ctrl+Q don rubutun ya koma zane. Kada kuma ka ce bari ka cire ƙugiyar ka huta. Baƙi daban, baki daban.

Na biyu, miƙe harafi da linzamin kwamfuta don ya cika fili. Haba ɗan'uwa! Julieta ta auna kaurin kowane layi, kai ka zo ka miƙe shi kamar danƙo, O ya koma ƙwai. In fili ya yi yawa ƙara girma ko tazara, in ya yi kaɗan rage magana.

Siririn nau'insa a waya yake da kyau. A allon bakin titi mai babur ba zai iya karanta shi ba, ɗauki mai kauri. Dogon bayani da manyan baƙaƙe zalla yana gajiyar da ido, kuma faɗinsa na cinye takarda. Kada ka haɗa shi da salon Poppins, sun yi kama da yawa, sai a zaci kuskure ne. Sunaye irin Iliya kuwa, babban I da ƙaramin l kusan sanda ɗaya ce, don haka nakan buga gwaji a takarda in miƙa wa yaron shagona ya karanta da ƙarfi.