Haja, kadara da kayan masarufi: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk matashin da ya kawo mini rubutu ko fassara a kan tattalin arziki, kalmar haja nake fara nema a ciki. Yawancinsu a nan suke tuntuɓe, kuma a gurbi ɗaya.

Mafi muni shi ne cakuɗa mayar da abu haja da sayar da kadarar gwamnati. Haja ita ce abin da aka kasa don a saya, aka yanka masa farashi. Mayar da abu haja kuwa shi ne a ɗauko abin da a da ba a cinikinsa, a sa masa kuɗi. Ruwan sha ya isa misali. Ko da yake 'yan garuwa sun daɗe suna sana'arsu, a da mai wucewa in ya ji ƙishi sallama kawai zai yi a miƙo masa moɗa. Yau sai ya sayi leda. Sayar da kadara kuma canjin mai abu ne kurum. A watan Nuwamba na 2013 gwamnatin Najeriya ta miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, amma ba ranar wuta ta zama haja ba, tun zamanin NEPA ana kawo wa mutane takardar biya. Mai karɓar kuɗin ne ya canza.

Wannan cakuɗawar ta taɓa cinye mini aiki sukutum. Na ba wani yaro fassarar rahoton wata ƙungiya, inda aka ce ruwa yana komawa abin saye da sayarwa, shi kuma ya rubuta wai za a sayar da hukumar ruwa. Aka karanta a taro, wani jami'i ya miƙe yana rantsuwa babu wannan magana, aka dawo mini da takardun, ko sisi ban gani ba. Ku yaran nan, me zai hana ku tsaya ku tambayi kanku: farashi aka sa wa abin, ko hannu ya sauya? Gaggawar me kuke yi? Ni dai duk inda na ga "sayar da" a rubutu, sai na nemo mai sayarwa da mai saye. In babu su, jimlar ba ta wucewa.

Na biyu, lafta wa kowace haja suna kayan masarufi. Kayan masarufi su ne na buƙatar gida ta yau da kullum: shinkafa, sukari, man girki, sabulu. To, wace uwargida ce ke aika yaro ya sayo mata zinariya ko gangar ɗanyen mai? Irin waɗannan hajojin kasuwar duniya, abin da ya haɗa su shi ne da awo da daraja ake cinikinsu, ba a tambayar daga hannun wa suka fito. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, haka gyaɗa ta zama: buhun Bichi da na Gaya, da zarar sun hau dalar gyaɗa babu mai rarrabe su. Gangar mai kuma lita 159 ce, a Najeriya ko a Saudiyya. Ni "hajar awo" nake rubutawa. Wasu abokan aikina ba sa so, sun fi son "kayan cinikin duniya", ban kuma hana su ba.

Sauran ƙanana ne. Haja mace ce, don haka "hajarsa", ba "hajansa" ba. Gidan da mutum yake zaune a ciki kadara ce, sai ya kira dillali ya zama haja. Jari kuɗin da aka zuba ne, ba kayan da aka saro da shi ba. "Kasuwantar da" kuwa ba ta shiga kunnena, ina goge ta.

Sai maganar fili. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka a takardar shari'a abin da ake sayarwa haƙƙin zama ne da amfani da wurin. A labarin jarida ka rubuta "ya sayar da fili", ba komai. A yarjejeniya kuwa ka bi lafazin dokar.