Yadda ake haɗa modem ɗin kira domin shiga sabar daga nesa

Ranar da intanet ɗin ofis ya yanke, ko wani ya yi kuskure a saitin rauta ya rufe ƙofa da kansa, SSH, hanyar shiga sabar daga nesa ta netwok, ba zai amfane ka da komai ba. A irin wannan rana ce ake buƙatar hanyar da ba ta bi ta cikin netwok ɗin da ya lalace ba: modem a jikin sabar, da layin tarho nasa shi kaɗai. Ga yadda ake yi a sabar Linux.

Fara da layin, domin a nan aiki ya fi lalacewa. Modem yana buƙatar layin tarho na ƙasa na analog, mai soket ɗin RJ11. Layin VoIP (tarho ta intanet) da ke matse murya da tsarin G.729 yana wargaza sautin modem, haɗin ba zai kama ba, mai G.711 kan yi aiki wani lokaci, amma sai an rage gudu. Kiran murya na wayar salula ma ba ya ɗaukar wannan sauti. A Najeriya layin ƙasa ya yi ƙaranci sosai, saboda haka ka tabbatar akwai shi a ɓangaren sabar da kuma ɓangaren mai kira kafin ka sayi komai. Sa tarho na gida a soket ɗin, ka ji sautin layi, ka kira lambar daga waje ka ji ta yi ƙara.

Modem ɗin ya zama na waje mai kafar siriyal, irin US Robotics Courier. Ka guji masu arha na cikin kwamfuta da ake kira Winmodem, don rabin aikinsu manhajar Windows ce ke yi. Kebul kuma ya zama na modem miƙaƙƙe, DB9 a gefen sabar, DB25 a gefen modem. Akwai wani mai kama da shi sak, null modem, wanda aka sarƙe wayoyinsa don haɗa kwamfuta biyu. Idan ka sa shi, modem zai yi shiru kamar ya mutu.

Kafar COM1 ita ce /dev/ttyS0. Buɗe ta da minicom, manhajar magana da kafar siriyal, a gudun 38400, bit 8, babu pariti, bit ɗin tsayawa 1. Rubuta AT ka danna Enter. Idan ka ga OK, kun fahimci juna. Idan haruffa marasa ma'ana suka fito, gudun ne bai dace ba.

Sai saiti. AT&F1 yana mayar da US Robotics saitin masana'anta tare da sarrafa kwararar bayanai ta RTS/CTS; a wasu modem ɗin AT&F ne sannan AT&K3. AT&B1 yana kafe gudun kafar siriyal a US Robotics kada ya riƙa bin gudun layi. Sannan AT&C1 da AT&D2, waɗanda su ne suka fi komai muhimmanci. Na farko yana sa modem ya sanar da sabar gaskiyar ko akwai haɗi ko ya yanke. Na biyu yana sa ya katse kira idan sabar ta sauke siginar DTR, wadda ke nuna sabar tana shirye. In babu &C1, layi zai iya yankewa kana tsakiyar aiki a matsayin root (asusu mai cikakken iko), sabar ba ta sani ba, wanda ya kira bayanka kuma ya faɗo kai tsaye cikin zamanka ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Ajiye saitin da AT&W, ka kashe modem ka kunna, ka duba ko ya riƙe. Idan bai riƙe ba, leƙa ƙananan makunnan da ke jikinsa, domin ɗaya daga cikinsu na iya sa shi ya riƙa ɗauko saitin masana'anta duk lokacin da aka kunna.

Wa zai ɗaga kira? Da mgetty, manhajar da ke jiran kira a kafar siriyal, bar ATS0=0 (kada modem ya ɗaga da kansa), don mgetty ne yake jiran RING ya aika ATA, umarnin ɗaga kira. Wannan ya fi, saboda idan sabar ta sandare modem ba zai ɗaga ba, kai kuma ka gane inda matsalar take. A fayil ɗin mgetty.config rubuta port ttyS0, speed 38400, data-only y. A tsohon tsari ana sa layin S0:2345:respawn:/sbin/mgetty ttyS0 a /etc/inittab; a systemd kuma a tabbatar hidimar tana da Restart=always. In agetty za ka yi amfani da shi a maimakon mgetty, to sai ATS0=1 don modem ya ɗaga da kansa, da ATE0 da ATQ1. Rashin sa ATE0 da ATQ1 yana sa modem ya maimaita wa sabar rubutunta, ita kuma ta ɗauka sunan mai shiga ne, su yi ta cacar baki, fitilun karɓa da aikawa (RD da SD) na ƙyaftawa babu kowa a layi.

Kada ka bar root ya shiga kai tsaye ta wannan kafa. Buɗe asusu ɗaya na masu gyara, da kalmar sirri doguwa, su hau matsayin root da umarnin sudo. Akwai manhajojin da ke kiran lambobi a jere suna neman sautin modem, don haka ɓoye lamba ba tsaro ba ne. Tsarin callback na mgetty, inda sabar ke katsewa ta sake kiran lambar da ta sani, ya cancanci wahalarsa.

Jona modem a UPS ɗaya da sabar, ka sa abin kare tsawa a kan wayar tarho, don da damina ta nan take shigowa ta ƙona kafar siriyal.

Gwaji daga waje: a minicom rubuta ATDT da lambar, in akwai lambar fita ta ofis ka sa waƙafi bayanta don ya ɗan jira. Za ka ga CONNECT, sannan login. Gudun ba zai wuce 33,600 ba tsakanin modem biyu na analog, ko da an rubuta 56K a kwali, kuma ya isa aikin rubutu. Bayan ka shiga, zare wayar tarho da gangan, ka sake kira. Dole ne ka tarar da sabon login. Maimaita wannan gwaji duk wata, ka rubuta ranar a littafin ɗakin sabar.