Yadda Ake Amfani da Kalmar "Precede" Ba Tare da An Juya Magana Ba

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, sai in tarar da ɗaliban da nake koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim suna tuntuɓe a kan kalmar "precede", alhali ma'anarta ba ta wuce abin da Bahaushe yake nufi da gabata ko riga ba. Asalinta daga Latin ne, inda "prae" yake nufin gaba, "cedere" kuma tafiya.

Da farko ka tantance wanda ya riga zuwa, ka sa shi a farkon jimla, sannan wanda ya biyo baya ya zo bayan kalmar kai tsaye. Idan kana son ka ce Sha'aban ya gabaci Ramadan, sai ka rubuta "Sha'aban precedes Ramadan." Kada ka cusa "before" a tsakani, domin kalmar tana ɗauke da wannan ma'ana a cikinta.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen "by". Da zarar an rubuta "was preceded by", jerin ya juya, wanda aka ambata a ƙarshe shi ne ya riga. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Jigawa kuma a 1991, saboda haka daidai ne a rubuta "The creation of Jigawa was preceded by that of Kano." Na taɓa duba takardar wani yaro da ya rubuta cewa girbin gero "is preceded by" girbin dawa, shi da ya tashi yana ganin dammunan gero sun shiga rumbu tun dawa tana tsaye a gona tana jiran sanyi. Da na ce ya mayar mini da jimlar Hausa, sai ya riƙe baki ya ce, "Malam, ashe na sa dawa a gaba." Wannan ita ce dabarar da na fi amincewa da ita: ka fassara jimlarka a zuci, ka tambayi kanka wa ya riga wa.

Sai kuma "proceed", wadda take nufin ci gaba da abu, kuma kamar da suke yi a kunne ce take sa ake rikita su. Ka kula da rubutun: tamu tana ƙarewa da "cede", waccan kuwa da "ceed", kamar "exceed" da "succeed". A hira ta yau da kullum "come before" ta wadatar, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis "precede" ta fi dacewa.