Yadda Ake Kare Ayaba Daga Sanyin Hunturu

Ayaba 'yar zafi ce da danshi. Sanyi na sauka ƙasa da digiri 14 sai girmanta ya tsaya, kuma a Jos ko tsaunin Mambilla dare kan yi sanyi fiye da haka a Disamba da Janairu. Ga abin yi tun kafin buji ya kankama.

1. Lulluɓe gindi. Wannan shi ne babba, domin ran ayaba yana cikin kututturen da ke ƙarƙashin ƙasa. In ya tsira, ko ganye ya ƙone za ta sake tofo. Zuba busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, kaurin taƙi guda, amma ka bar 'yar tazara jikin jijjigen don kada ya ruɓe.

2. Kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa. Ita ke yayyaga ganye.

3. Busassun ganyen da suka rataya, kada ka sare su. Naɗe jikinta da su, ka ɗaure sako-sako. Ba kyan gani, amma riga ce.

4. Ban ruwa da hantsi, ba da yamma ba, kuma kada ruwa ya kwanta.

5. Dakata da takin yuriya. Sabon tofo bai jure sanyi.

6. In ta yi nono, rufa masa buhu mai huji, ka bar ƙasan a buɗe, ka tokare ta da gwafa.

Zafi na dawowa wajen Maris, kwance naɗin, sare matattun ganye, ka zuba takin gargajiya.