Yadda Za Ka Auna Niyyar Jarumin Da Ke Ɓoye Sirrinsa

Matasanmu na Agege da Idi-Araba masu kallon ƙagaggun labaran kimiyya a waya sukan yi gardama a kan mutanen da ba sa bayyana abin da ke ransu. Garak, tela a shirin Star Trek: Deep Space Nine da aka nuna a Amurka daga 1993 zuwa 1999, misali ne mai amfani, domin tsohon ɗan leƙen asiri ne da aka kora daga ƙasarsa.

Da farko, kada ka kafa hujja da maganarsa. Akwai kashin da ya ba likita Bashir labarai masu karo da juna game da dalilin korarsa, kuma kowanne ya faɗa da fuskar gaskiya. Ka dubi abin da hannunsa ya aikata, sannan ka tambayi kanka wanda ya ci riba da wanda ya kwana a ciki.

Wurin da ya fi buƙatar nutsuwa shi ne wani kashi na 1998, inda Garak ya shirya tarwatsa jirgin wani sanatan Romulan, al'ummar wata duniya a cikin shirin, don jawo mutanen sanatan cikin yaƙi su mara wa ɓangaren Kyaftin Sisko baya, kuma Sisko, shugaban tashar sararin samaniyar da shirin ke gudana a cikinta, ya yi shiru da maganar. A ganina, ceton rayuka masu yawa bai wanke wannan kisa ba, ko da yake kishin da Garak ke yi wa ƙasarsa na gaske ne, kuma wajibi ne mai kallo ya riƙe abubuwan biyu tare.

Ka kalli kashi-kashin a jere, domin gajeren bidiyon TikTok yakan yanke dalilin aiki ya bar aikin kaɗai.