Babi na 6: Kafin ka dangwala yatsa, san wanda kake zaɓa

Wannan darasin na waɗanda za su zaɓi shugaban ƙasa karo na farko ne, samari da 'yan mata na Nima da Mamobi da Sabon Zango da suka cika shekara 18 ko suke gab da cikawa, amma iyayenmu da ke cikin aji ma su saurara don su ne ake tambaya a gida. A karanta a hankali, wanda ya fi iya karatu ya taimaka wa na kusa da shi.

A Ghana duk shekara 4 ake zaɓen shugaban ƙasa, kuma tun 1996 ranar 7 ga Disamba ake yinsa, na gaba sai 2028. Hukumar zaɓe, wacce kowa ke kira EC, ita ke rajista ita ke ba da katin zaɓe. In sun kafe sunaye don a duba, ka je da ƙafarka ka ga naka yana nan. Ranar zaɓe takarda biyu za a ba ka, ɗaya ta shugaban ƙasa ɗaya ta ɗan majalisa, kuma ba dole ba ne su zama 'yan jam'iyya ɗaya.

Toh abu na farko da nake so ku riƙe shi ne aikin kowa daban. Gwata da ta toshe a layinku ko bola da ba a kwashe ba, wannan maganar asambli ce, wato majalisar ƙaramar hukuma, da asambliman ɗinku, wakilin unguwarku a cikinta, shi kuma zaɓensa daban ake yi. Ɗan majalisa doka yake yi, yana kuma duba yadda gwamnati ke kashe kuɗi. Shugaban ƙasa shi ke naɗa ministoci, gwamnatinsa ce ke kawo kasafin kuɗi da sabon haraji da cin bashi, abubuwan da a ƙarshe suke taɓa darajar sidi da kuɗin trotro da farashin shinkafa a kasuwar Nima. Saboda haka in kana auna ɗan takarar shugaban ƙasa, da waɗannan manyan abubuwan za ka auna shi.

Yanzu ga wurin da ya fi damuna. Da yawa cikinmu jam'iyya gadonta muka yi, gidan nan na lema ne, alamar NDC, wancan na giwa ne, alamar NPP, yaro ya tashi a bes ana shan attaya ana musu ya ɗauki ɓangaren da manyan bes suka ɗauka shikenan, bai taɓa tambayar me mutumin ya yi ba. Wasu kuma su ce ai namu ne, ɗan arewa ne ko addininmu ɗaya. Ku duba 2024, John Dramani Mahama na NDC mutumin Bole ne, Mahamudu Bawumia na NPP mutumin Walewale ne, duka biyun daga arewa suke, ɗaya Kirista ɗaya Musulmi, to wanda ya tsaya a kan "namu ne" kawai bai san komai a kan abin da kowannensu zai yi da kuɗin ƙasa ba. Abin da ya fi shi ne ka duba tarihi, tunda duk sun riƙe mulki. Mahama ya yi shugaban ƙasa daga 2012 zuwa farkon 2017, a lokacinsa aka sha wahalar ɗauke wuta da ake kira dumso, masu walda da teloli da masu sayar da ƙanƙara ba su manta ba. Bawumia ya yi mataimakin Nana Akufo-Addo shekara 8, a lokacinsu aka fara sakandare kyauta a 2017, a lokacinsu kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022, aka sa haraji a kan tura kuɗi ta MoMo. Mahama ya yi alƙawarin cire wannan harajin, ya ci zaɓe, aka cire shi a 2025. Kun ga kowanne yana da abin yabo da abin tuhuma, kuma haka za ku yi wa duk wanda ya fito a 2028, har da sabbin fuskoki, don yadda tsarin mulkin 1992 yake zango biyu kawai mutum ke yi, Mahama kuwa yana kan na biyunsa.

Kowace babbar jam'iyya tana fitar da littafin alƙawuranta kafin zaɓe, shi ne manifasto. Da Turanci yake kuma yana da kauri, kar wannan ya karya maka gwiwa, ka sa ƙaninka ko 'yarka da ke sakandare ta nemo shi a waya ta karanta maka wurin da ya shafe ka kaɗai, aikin yi ko makaranta ko inshorar lafiya ko unguwannin zango. Duk alƙawarin da ka ji ka tambaya ina kuɗin zai fito, yaushe za a fara, kuma an taɓa yi mana irinsa a baya? Misali an kafa asusun raya zango a 2017, to ka zagaya unguwarku ka ga me ya iso me bai iso ba, sannan ka saurari abin da kowane ɗan takara ke cewa zai yi da shi. Ka riƙa jin labarai a rediyo fiye da tasha ɗaya, gidan rediyon ƙasa GBC yana da shirin Hausa, ma'aikatan NCCE masu wayar da kai ma suna shiga masallatai da kasuwanni lokacin zaɓe, ka tsaya ka yi musu tambaya, aikinsu kenan.

Sai maganar WhatsApp da TikTok. Za a turo maka murya wai ɗan takara kaza ya zagi Musulmi ko wai ya ce zai rushe zango, babu rana babu wuri, ko a yanko rabin maganarsa a bar sauran. Kar ka tura wa kowa sai ka ga cikakken bidiyon ko ka ji wata tasha mai mutunci ta faɗa. Akwai masu aikin tantance labari kamar Dubawa da GhanaFact. Ƙarya dai ƙarya ce ko a kan wanda ba ka so aka yi ta, kuma da alhaki.

Ƙannena maza, ku ne ake nema lokacin kamfen a ba ku riga da 'yan sidi a ce ku yi gadin akwati ko ku tsorata mutane. Tun 2019 akwai doka da ta haramta ƙungiyoyin 'yan daba na jam'iyya kuma hukuncinta ɗauri ne mai tsawo, wanda ya aike ka ba shi zai kwana a gidan yarin Nsawam ba. Kuɗi ko shinkafa da za a ba ka don ka zaɓi wani ma laifi ne, kuma a bayan labule babu mai ganin inda ka dangwala.

Kar ka ce ƙuri'a ɗaya me za ta yi. Sai mutum ya samu fiye da rabin ƙuri'u masu kyau yake ci, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A 2008 haka aka yi, John Atta Mills ya kayar da Akufo-Addo da tazarar ƙuri'a 40,000 da 'yan kai a duk faɗin ƙasa, alhali a zagayen farko ƙuri'u sama da 200,000 aka jefar don sun lalace. Saboda haka ka san hoton ɗan takararka da alamar jam'iyyarsa tun daga gida, ka dangwala sau ɗaya a cikin akwatin da ke jerinsa, ka goge yatsanka kafin ka ninke takardar kar tawada ta taɓa wani wurin. Ka kuma duba bayan takardar akwai hatimin EC.

Aikin gida: kowa ya rubuta abu 3 da suka fi damun gidansu, jimla ɗaya ɗaya ta isa. A gaban kowanne ka rubuta aikin wa ne, asambli ko ɗan majalisa ko shugaban ƙasa. Ku zo da shi darasi mai zuwa, za mu zana takardar ƙuri'a a allo kowa ya gwada dangwalawa da ninkewa.