Yadda ake kaiwa ga kujerar kocin kai hari a ƙwallon jami'o'in Amurka

Ƙwallon da nake magana ba irin ta Firimiya ba ce fa, waccan ce mai kama da ƙwai da ake sa hular kwano ana bangazar juna. Kowace ƙungiya akwai masu kai hari akwai masu tsaro, kowane ɓangare da kociyoyinsa. Masu kai hari ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a ƙaro musu wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. To wanda ke yanke cewa a wannan damar jefawa za a yi ko rugawa da ita, shi ne kodinetan kai hari, kuma hanyar kujerarsa za mu bi.

Ka fara sa wa ranka cewa harkar nan ta ubangida ce, kamar dai yaron gareji, wanda ka zauna a ƙarƙashinsa shi ne takardar shaidarka. Digiri dole ne amma ba shi ke ɗaukar mutum aiki ba.

Abu na farko ka samu ka shiga ɗakin ko ta wace ƙofa, kuma ba sai ka yi suna a wasa ba. Lincoln Riley ya je Texas Tech a 2002 yana son zama kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, ba a ma ba shi tallafin karatu ba, bayan shekara ɗaya kocin Mike Leach ya nuna masa a fili ba zai kai labari ba amma kansa na ja, ya dawo ya zama ɗalibi mai taimaka wa kociyoyi. Shi kansa Leach ɗin bai taɓa buga wa jami'a wannan ƙwallon ba, lauya ya karanta a Pepperdine, ya ajiye ya bi Hal Mumme zuwa wata 'yar ƙaramar kwaleji Iowa Wesleyan a 1989, can suka ƙera salon jefe-jefen nan da ake kira Air Raid. Don haka in kana karatu a can ka je ofishin ƙwallon makarantarku ka ce ko kyamara ce za ka riƙe, ko kayan atisaye za ka ɗauka.

Daga nan sai matakin da suke ce ma Ji-E, wato mataimakin koci mai karatun gaba da digiri, kana karatun mastas makaranta na biya maka kuɗin karatu da ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba, kai kuma kana bauta. Nan ne ake tace mutane wallahi. An buga wasa ran Asabar, Lahadi da sassafe kana gaban kwamfuta da bidiyon ƙungiyar da za ku kara da ita mako mai zuwa, wasa uku ko huɗu, kowace dama sai ka tsayar ka rubuta, dama ta nawa ce, saura yadi nawa, ƙwallo na gefen hagu ko dama, masu tsaro nawa suka tsaya a gaba, nawa suka ja baya, sun turo ƙarin mutum kan kwatabak ko ba su turo ba. In ka gama sai ka zana katuna da hannu ko a na'ura, waɗanda za ka ɗaga wa 'yan benci a atisaye su kwaikwayi tsaron abokan karawa. Kati ɗaya ya fito a karkace, a gaban 'yan wasa sama da ɗari za a daka maka tsawa. Amma fa duk wanda ya yi shekara biyu yana wannan aikin, da ya ga yadda mai tsaron baya ya ajiye ƙafarsa ya san abin da ke tafe, kuma wannan idon shi za ka ci abinci da shi har ka tsufa.

Akwai kuma aikin mai nazari, analis, shi ba ruwansa da aji albashi ne. Da can dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana su koyar da 'yan wasa a fili, a 2024 aka cire wannan takunkumin, ka ga ƙofa ta ƙara faɗi.

Mataki na gaba a ba ka naka ɗakin, wato kocin rukuni guda, ko masu cafe ƙwallo, ko masu rugawa da ita, ko ƙartin nan biyar na layin gaba, ko kwatabak. In da zaɓi ni dai shawarata ka matsa kusa da kwatabak, don mafi yawan kodinetoci ta nan suke fitowa, kocin layin gaba kuwa sau da yawa sai ya tsufa a ɗakinsa ana ta yabonsa ba a ba shi kujerar kodineta. A wannan matakin rabin aikin ba ma a fili yake ba, farautar yara ne. Za a yanka maka yanki, ka bi makarantun sakandare ɗaya bayan ɗaya, ka san kociyoyinsu, ka zauna a falon iyayen yaro ɗan shekara 17 ka shawo kan uwarsa. Yanzu kuma tun 2021 da aka bar 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu kuma sauya makaranta ya yi sauƙi, yaran da ke hannunka ma kullum sai ka sake lallashinsu kar su gudu.

Sai babban tsallen, kiran wasa, wato kai ne za ka riƙa yanke abin da za a yi a kowace dama. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna maƙale a babbar makaranta saboda suna alhali ba wanda zai miƙa musu takardar kira. Gara ka sauka ƙasa ka riƙe sitiyari. Riley ya fara kira ne a wasan Alamo Bowl na Janairun 2010 bayan an kori Leach, Texas Tech ta ci Michigan State 41 da 31, daga nan ya bi Ruffin McNeill, wanda aka ba babban koci, zuwa East Carolina, makarantar da ba ta cikin manya, ya yi shekara biyar yana kira. Alƙaluman da ya tara a can su suka sa Bob Stoops, babban kocin Oklahoma, ya ɗauko shi a matsayin kodineta a 2015, a shekarar ya ci kyautar Broyles ta gwarzon mataimakin koci, a 2017 yana ɗan shekara 33 ya gaji kujerar Stoops ɗin. Shekara 14 kenan daga ɗalibi mai ɗaukar kaya.

Ryan Day ma in ka bi sawunsa zare ɗaya ne. Chip Kelly ne kodinetansa lokacin yana kwatabak a New Hampshire, Kelly ɗin ne ya ja shi ƙungiyoyin ƙwararru na Philadelphia Eagles a 2015 da San Francisco a 2016, kuma Urban Meyer, wanda Day ya yi wa Ji-E a Florida a 2005, shi ya kira shi Ohio State a 2017 ya bar masa kujerar babban koci a 2019. Abin dariya ma a 2024 Kelly ya ajiye shugabancin UCLA ya zo ya zama kodinetan tsohon yaronsa, suka ɗauki kofin ƙasa tare.

Kora kuwa ka sa ta a lissafi tun yanzu, kar ka sayi gida da wuri, iyali su san kwali ba ya nisa. Ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba in an sallami babban koci yawanci duk yaransa ake kwashewa ko da naka ɗakin ya yi kyau. Wanda ya faɗi kuma yakan dawo ta ƙasa, Steve Sarkisian da jami'ar USC ta kora daga kujerar babban koci a 2015 analis ya koma a Alabama wajen Nick Saban a 2016, ya zama kodineta, 2021 Texas ta ba shi ragama. Duk Janairu ƙungiyar kociyoyi ta AFCA na babban taro, nan marasa aiki ke cika harabar otal, ka je da sibi ɗinka da bidiyon yaran da ka koyar, kuma tun kafin ka taso ka sa ubangidanka ya buga wa mutum biyu ko uku waya su san da zuwanka.